Wa Ya Aikata? Raddi ga Masu Raina Tsofaffin Finafinan Bincike

Gabatarwa

Wannan maƙala raddi ce, kuma gara mu faɗa tun da wuri don kada mai karatu ya zaci sasantawa muka zo yi. A wani zama da aka yi don duba manhajar wasan kwaikwayo, mun kawo shawarar a riƙa nuna wa ɗaliban Hausa wasu tsofaffin finafinai guda huɗu na binciken kisan kai, waɗanda aka shirya tsakanin 1929 da 1931, wato daidai lokacin da fim ya fara buɗe baki yana magana. Finafinan su ne The Canary Murder Case na Amurka (1929), da Blackmail (1929) da Murder! (1930) na Alfred Hitchcock daga Ingila, sai kuma M na Fritz Lang daga Jamus (1931). Ba mu kai aya ba aka yi mana ca. Wani ya ce 'yan wasan cikinsu a sandare suke kamar an dasa su, ba abin da suka iya sai surutu. Wani ya ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa ɗalibin Hausa da 'yan sandan Landan? Na uku, wanda ya fi su hujja, ya ce finafinan wancan zamani cike suke da raina duk wanda ba Bature ba. A ranar lokaci bai ba mu damar amsawa ba. To ga amsarmu a rubuce, kuma za mu bi zarge-zargen nan ɗaya bayan ɗaya.

Zargin Sandarewa

Ba mu musa cewa akwai sandarewa a finafinan farkon zamanin sauti ba. Abin da muke so a sani shi ne dalilinta. A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, wanda aka ji ɗan wasa yana waƙa da 'yar magana a cikinsa, sa'an nan a 1928 ya fitar da Lights of New York, labarin 'yan ta'adda, wanda shi ne dogon fim na farko da ake magana a cikinsa daga farko har ƙarshe. Makirfon wancan lokaci ba ya jin nesa, don haka akan ɓoye shi a cikin tukunyar furanni ko a jikin wayar tarho, 'yan wasa su kewaye shi kamar masu jin ɗumin wuta. Kyamara kuma tana da ƙara, sai aka kulle ta da mai ɗaukar hoto a wani ɗan akurki mai tagar gilashi don kada ƙararta ta shiga faifai. Wanda ya ga raƙumi a dabaibaye ya ce bai iya tafiya ba, ai ya zalunci raƙumi. Tambayar da ta kamaci manazarci ita ce, me ɗan wasa ya yi da ɗan filin da dabaibayin ya bar masa?

Mu ɗauki Blackmail. Alice, budurwar wani ɗan sandan ciki mai suna Frank, ta bi wani mai zane zuwa ɗakinsa. Ya nemi ya yi mata fyaɗe, ta lalubo wuƙar yanka burodi ta daɓa masa. Washegari tana zaune za ta karya kumallo da iyayenta, ga wata maƙwabciya mai tsegumi tana ta zuba a kan kisan da aka yi. A hankali sai Hitchcock ya dusashe maganar matar ta koma gunaguni, ba abin da ke fitowa sarai sai kalmar wuƙa, tana ta maimaituwa. Uban ya ce wa Alice ta yanka burodi, kalmar ta faso da ƙarfi, wuƙar ta kuɓuce daga hannunta. Anny Ondra, wadda ta fito a matsayin Alice, 'yar ƙasar Cek ce, Turancinta da gargada, saboda haka aka tsayar da wata mai suna Joan Barry a gefen kyamara tana furta kalmomin a makirfo, ita kuma tana motsa leɓe. Ke nan ko muryar ba tata ba ce. Amma a wannan fitowa aikinta saurare ne, kuma duk wanda ya kalli idanunta da rawar hannunta ya san yadda mai laifi yake jin maganar mutane.

A cikin Murder! kuma, Herbert Marshall ne ya fito a matsayin Sir John, ɗaya daga cikin mutum 12 da ke taya alƙali yanke hukunci a shari'ar wata 'yar wasan kwaikwayo da aka tarar zaune kusa da gawa. Bayan an yanke mata hukuncin kisa, sai muka gan shi tsaye gaban madubi yana aske gemu, bakinsa a rufe, amma muna jin muryarsa tana tuhumar zuciyarsa. An riga an ɗauki muryar tasa, aka kunna ta a wurin, sa'an nan aka ajiye makaɗa wajen 30 a bayan dandali suna kaɗa abin da muke zaton daga rediyonsa yake fitowa. Marshall bai yi wani motsi ba in ban da reza da take tsayawa a duk inda tunani ya yi nauyi. Wanda ya kira wannan sandarewa, to bai taɓa ganin dattijo yana nadama ba.

Sai M, wanda shi kaɗai ya isa ya rufe bakin mai wannan zargi. Uwa ta dafa abinci tana jiran 'yarta Elsie ta dawo daga makaranta. Ta leƙa tana kiran sunanta, kyamara na nuna mana matakala ba kowa, da faranti ba mai ci, da ƙwallon yarinyar yana gangarowa cikin ciyawa, da balan-balan ɗinta ya maƙale a wayoyin sama. Ba a nuna jini ko ɗigo ba, kiran uwar ne ya gaya mana komai. Makashin, Hans Beckert, yana da wani fito da yakan yi idan abin ya motsa masa, kuma wani makaho mai sayar da balan-balan ne ya gane shi da wannan fito. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a nan masu ido duk sun wuce shi, mai kunne ya kama shi. A ƙarshe Peter Lorre, wanda ya fito a matsayin makashin, ya durƙusa a gaban taron da ya kama shi, muryarsa ta tashi daga roƙo ta koma ihu, ta sauko ta zama raɗa, yana bayyana abin da ke bin sa a cikin ransa. Mai kallo zai tsane shi, kuma zai kasa daina saurarensa. Shekaru fiye da 90 ke nan, har yanzu masu koyon wasa suna karatu a kan wannan fitowa.

Me Ya Haɗa Mu da Su?

Wannan zargi na biyu shi ya fi ci mana rai, domin mu 'yan ƙasar Kajuru ne, kuma amsarsa a gida muka samo ta. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafancan, cikin 'yan kwanaki wutarsa ta isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Katab, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa matsuguni. A watan Oktoba na 2018 aka yi na Kasuwan Magani, inda 'yan sanda suka ce mutum 55 sun mutu, kuma a cikin wannan wata aka sace Agom Adara aka kashe shi. A watan Fabrairu na 2019 aka zubar da jini a ƙauyukan Adara da rugagen Fulani na Kajuru, har adadin gawarwakin kansa ya zama abin jayayya. An kafa kwamitocin bincike, kotuna na musamman sun zauna bayan rikicin 1987 da na 1992. To amma je ka majalisar mai shayi a kowane ɓangare ka tambaya, amsa ɗaya za ka ji: su ne.

A nan ne muke so mai karatu ya lura da bambancin tambayoyi biyu. Tambayar da muka saba yi ita ce, su wa suka fara? Amsarta kullum sunan ƙabila ne ko addini, kuma ba ta bukatar shaida, domin kowa ya zo da ita tun daga gida. Tambayar fim ɗin bincike kuwa ita ce, wa ya aikata? Amsarta sunan mutum ɗaya ne, da sa'ar da ya fita, da abin da ya riƙe, da wanda ya gan shi. Idan aka samu wannan suna, sauran mutanen garin sun kuɓuta. Idan ba a samu ba, kowa abin zargi ne, har da jariri a goye. Harshenmu ma yana taya mu fakewa. Dubi kalmar nan "an": an kai hari, an ƙona, an ce. Kalma ce mai aiki ba tare da mai aikatawa ba. Aikin mai bincike shi ne ya cire "an" ya sa suna a gurbinta.

Finafinan nan huɗu duk sun san haɗarin taro. A cikin M, wata yarinya ta tambayi wani tsoho ƙarfe nawa, ya tsaya yana ba ta amsa, kafin a ce kwabo jama'a sun yi masa zobe suna cewa shi ne makashin. Wa ya taɓa zama a tashar mota a ƙasar nan bai ga irin wannan ba? Sa'ad da birni yake ta haukan zato, jami'in bincike Lohmann da mutanensa suna bin jerin sunayen waɗanda aka sallama daga asibitocin masu taɓin hankali, gida gida, har suka samu ɓurɓushin jan fensir a bakin wata taga, irin wanda aka rubuta wasiƙar makashin da shi. Su kuma ɓarayin birnin suka riga su kama shi, suka kafa tasu kotun a wata tsohuwar masana'antar barasa, hukuncinsu a shirye tun kafin ya buɗe baki. Lang bai bar su sun zartar ba, ko da yake wanda suka kama ɗin shi ne mai laifin. A ganinmu wannan shi ne babban darasin fim ɗin: taron da ya dace da mai laifi yau, shi ne wanda ya kewaye tsohon nan jiya.

A cikin Murder!, Sir John shi ne na ƙarshe da ya tsaya a kan shakkarsa. Sauran 11 suka taso masa, muryoyinsu na haɗuwa kamar amshin waƙa, har ya sunkuyar da kai ya bi su. Ba sharri ne ya sa ya bi ba, nauyin zama shi kaɗai ne. Mu da muka zauna a tarurrukan unguwa a kwanakin tashin hankali mun san wannan nauyi, kuma da yawanmu mun yi shiru a inda ya kamata mu ce, wa ya gani? Blackmail kuma ya fi su ɗaci. Frank ya tsinci safar hannun budurwarsa a ɗakin da aka yi kisan, ya soke ta a aljihu. Laifin ya koma kan wani tsohon mai laifi da ya so ya karɓi kuɗin toshiyar baki, aka bi shi har ya faɗo daga ƙubbar gidan tarihi na Birtaniya ya mutu, aka rufe shari'a. Wato tun a 1929 fim ya nuna cewa mai bincike ma yana da nasa, kuma idan ya fifita nasa a kan gaskiya, wani ne zai mutu a madadin.

Saura The Canary Murder Case, inda William Powell ya fito a matsayin Philo Vance, mai bincike da ba ya ɗaga murya, yana tambaya kamar mai hira. An shaƙe wata mawaƙiya a ɗakinta, amma akwai shaidar cewa an ji muryarta ta bayan ƙofa bayan baƙonta ya fito, saboda haka baƙon ya wanku. Daga baya Vance ya gano cewa faifan garmaho ne aka bari yana juyawa, ita kuwa ta riga ta mutu. Abin dariya, shi kansa fim ɗin da muryar aro aka yi shi, domin an fara ɗaukarsa ba magana, da aka so a sa masa sauti Louise Brooks ta ƙi komawa, sai Margaret Livingston ta yi magana a madadinta. Yau faifan garmahon nan yana aljihun kowa. Saƙon murya yakan zagaya WhatsApp, wani da ba a san shi ba yana rantsuwa cewa ga su can sun taho, kuma ga na'urorin da ke iya kwaikwayon muryar kowa. A watan Nuwamba na 2018 BBC ta wallafa bincike a kan yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar kashe-kashen Filato na watan Yuni na shekarar, har da wani da aka gano daga Kwango ya fito. Ɗalibin da ya ga Vance ya ɗaga faifan nan, wataƙila zai tsaya ya tambayi kansa, wa ke magana, a ina, yaushe, kafin ya tura.

Zargin Wariya

Wannan zargi gaskiya ne, kuma za mu ƙara wa mai shi hujja. Charlie Chan, ɗan sandan cikin nan Basine na Honolulu, wani mutumin Suwidin ne mai suna Warner Oland ya fito a matsayinsa a finafinai 16 daga 1931 zuwa 1937, yana magana da karyayyen Turanci. A Charlie Chan in Egypt na 1935 an sa baƙar fata Stepin Fetchit a matsayin bara matsoraci abin dariya. A cikin Murder! ɗin da muka yaba, asirin da makashin ya yi kisa don ya rufe shi ne cewa shi ruwa biyu ne, kamar wannan wani abin kunya ne. A 1935 ɗin dai aka yi Sanders of the River a kan Nijeriya, daga labaran Edgar Wallace, wanda Paul Robeson ya fito a ciki, daga baya ya barranta da shi saboda yadda ya ɗaukaka mulkin mallaka. Mafi muni, 'yan Nazi sun haramta M a 1934, sa'an nan a 1940 suka yanko jawabin Lorre, wanda Bayahude ne da ya gudu daga Jamus a 1933, suka saka shi a fim ɗinsu na farfaganda a matsayin wai shaidar halin Yahudawa duka. Laifin mutum ɗaya na cikin wasa aka mayar laifin al'umma.

To sai me? Shin wannan dalili ne na ɓoye finafinan, ko dalili ne na nuna su da malami a tsaye? Ɗalibin da ya ga yadda aka yi wa jawabin Lorre ya ga cutarmu a jikin wani, kuma laifi tudu ne, na wani ya fi saurin hangowa. Idan ya iya kama Hitchcock da hannu dumu-dumu yana jingina kisa da jinin mutum, ya samu idon da zai kama marubucin gida idan ya yi haka. Muna karanta littattafan Turawan mulkin mallaka a ajujuwanmu don mu tona su. Ba mu ga abin da ya sa fim zai fita daban ba.

Ina Namu?

A shekarun da ake yin waɗannan finafinai ne aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. Gasar 1933 ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Akwai yawon duniya a cikinsu, da yaƙi, da bauta, da sata, da ramuwa, amma babu wanda aka gina a kan gano ɓoyayyen mai laifi ta hanyar shaida. A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, daga baya finafinan Indiya suka mamaye zukata, kuma da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, ba a jima ba soyayya da rawa suka kankane kasuwa. Ba mu ce ba a taɓa gwada labarin bincike ba. Abin da muka lura da shi shi ne yadda gaskiya take fitowa a yawancin finafinanmu: ko mugu ya haukace ya faɗa da bakinsa, ko ya yi ikirari a kan gadon mutuwa, ko wani ya yi mafarki, ko a laɓe a ji. Mukan ce asiri ya tonu, wato shi ya tona kansa. Mai kallon da aka raina a kan haka zai tashi yana jiran gaskiya ta faɗo daga sama, kafin ta faɗo kuwa zato ne abincinsa.

Alhali kuwa muna da kayan aiki. Muna da labaran alƙalai masu hikima da ke kama maƙaryaci da tambaya ɗaya, muna da masu bin sawu da ke karanta ƙasa kamar allo. Muna da gadon wasan rediyo da talabijin na Kaduna, inda marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya nuna cewa murya kaɗai ta isa ta gina mutum. Fim ɗin bincike kuma ba ya cin kuɗi: ɗaki ɗaya, mutum biyar, makirfo mai kyau, da marubucin da ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya fara. Wace ƙasa ta fi kudancin Kaduna dacewa da irin wannan labari? Ga tashar jirgin ƙasa ta Kafancan, mahaɗar hanyoyi tun shekarun 1920. Ga kasuwar da Adara da Bafulatani da Bahaushe da Bagwari ke ciniki da Hausa, kowa da karin harshensa, wanda zai iya zama shaida, ya kuma iya zama tarko. A ba mu labarin da gari duka ya rantse baƙo ne, mai bincike ya bi sawu, sawun ya koma cikin gida.

Kammalawa

Ba mu ce fim zai kashe wutar Kajuru ba. Rigimar gona da burtali da sarauta da siyasa da talauci ba a silima za a warware su ba, kuma Jamusawan da suka kalli M a 1931 shekara biyu kacal suka yi Hitila ya hau mulki. Iƙirarinmu ƙarami ne. Ɗaliban da ke gabanmu su ne za su rubuta littattafai da finafinai da labaran rediyo na gobe, wasunsu kuma za su koma Kajuru da Kaciya da Zonkuwa su zama malaman da ake tambaya idan magana ta tashi. Muna so a cikin kowane taro a samu mutum ɗaya da ya saba da tambayar nan, wa ya aikata, kuma wanda ba zai sunkuyar da kai ba idan sauran 11 suka taso masa. Sa'o'i shida na kallo ba su yi tsada ba a kan haka.

Filin wannan mujalla a buɗe yake, kuma abokan aikinmu sun san inda ofishinmu yake. Wanda ke da ja ya kawo nasa raddin a fitowa ta gaba, za mu karanta da idon basira. Sharaɗinmu ɗaya ne, ya kalli finafinan tukuna, domin "an ce" ba za mu karɓe ta a matsayin hujja ba.